Shekarar da Attahiru Ya Faɗi Jarrabawar Zafi

Azumin bana ya zo mana a tsakiyar bazara. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin rumbu, akuya ma ba ta da ƙarfin yin ɓarna. Da la'asar sai ka ji ƙarar babur daga hanyar Kajiji, masu ƙanƙara ne, sun ɗauro ta cikin buhu daga Shagari inda ake da firji mai aiki da hasken rana. Mutum ya karɓi dunƙule guda a jefa a kula, magariba na yi ya sha ruwan da zai sare masa kai. Jiya ina zaune ina kallon dunƙulen yana narkewa, sai na tuna wani azumi da ya faɗo a irin wannan lokaci, shekara talatin da 'yan kai ke nan, lokacin da ruwan sanyi ya kusa raba ƙanena da jami'a. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce duk wanda hannunsa ya fara faɗawa ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Wannan kuwa ban tsaya ga gani ba, kafaɗata ce ta ɗauke shi.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni Bello ni ne babba, sai Attahiru. Ni aka bari a gona, shi aka kai boko, kuma rabon bai cika damuna ba sai lokacin ban-ruwan albasa. A wancan zamani ba mu da inji, jigo ne. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin rijiyar fadama yana dannawa yana ɗagawa, wani kuma yana can yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. Aikin mutum biyu ne. Gwiwar Baba ta riga ta hana shi tsayuwa mai tsawo, saboda haka ni ne mutum biyun. In zuba guga biyar, in ruga in buɗe fangali, in rugo in kama jigo.

Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi Attahiru ya dawo hutu daga jami'a a Sakkwato, shekararsa ta farko ke nan. Ya zo da akwatin kwano da wani littafi mai kaurin tubali. Karatun nasa Fizis ake ce masa. Ni a lokacin ko sunana ba na ganewa a takarda, zanen ciki kawai nake kallo: tukwane, bututu, da kibiyoyi suna shiga suna fita.

Kwanakin farko, in an sha ruwa an natsu, shi ke ba mu labari. Ya ce komai na duniya, har dutse, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, ba sa hutawa, kullum cikin rawar jiki suke, kuma abin da muke ce wa zafi tsananin rawar tasu ce. Baba ya ce ashe duk gidan nan Attahiru ne kaɗai ba ya motsi, don tun hantsi yake kwance a gindin dogonyaro. Wata rana kuma ya ce wanda yake tsananin gudu lokaci yakan taƙaita masa. Na tambaye shi ko in na hau keken Baba na yi ta tuƙi magariba za ta zo mini da wuri. Ya ce a ƙa'ida haka ne, amma sai na kusa gudun haske. Na ce keken ko sarƙa ba shi da ita.

Ranar biyar ga wata Baba ya yi tambayar da Attahiru yake ta kewaye wa.

"To, duk mun ji. Ƙaƙa jarrabawa?"

Attahiru ya dubi ƙosan da ke hannunsa. Ya ce ya ci duka sai guda ɗaya, ita sai ya sake.

"Wace?"

"Ta zahi, Baba."

"Wane zahi?"

"Zahi dai. Yadda shika shiga abu, da yadda shika hita."

Baba ya ajiye moɗa a hankali. "Attahiru, ina anka haihe ka?"

"Nan, Baba."

"Nan ƙasar Shagari, inda ƙadangare ka gudu da ƙahwa biyu don kada shi ƙone? Da ka ce min sanyi anka tambaye ka, da na ce ba laihinka na ba, ba ka san shi ba. Amma zahi? Jakina, in an ba shi alƙalami, shina cin jarrabawar ga."

Muka yi dariya, amma Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallona ina dawowa daga fadama kamar an jiƙa tsumma, kuma maƙwabta sun daɗe suna ce masa ya ba boko hannu guda ya bar gona da hannu guda. Ya nuna randar Inna da haɓa.

"Ga uwarku nan, ba ta taɓa shiga aji ba, ita ka ba mu ruwan buɗa baki. Kahin a ga watan Salla ka kawo min ruwan da yah hi nata sanyi. In ka kawo, koma makarantakka. In ba ka kawo ba, ga jigo can, ɗan'uwanka ya gaji."

Ba a tambaye ni ba na ce amin. Washegari ma a fadama, cikin masu cirar albasa, na ɗaga murya na ce Allah ya sa ruwan Attahiru ya tafasa, in samu mai kama mini jigo. Aka yi ta dariya. Shi ma yana wurin, ya ji. Wasa na yi, amma irin wasan nan mai ƙashi a ciki.

Bari in faɗi yadda ranakun suke. Mu ci ɗumame da sahur, mu ɗora fura, mu cika ciki da ruwa har ya riƙa ƙara in muna tafiya. Ana sallame asuba mu nufi fadama. Albasar da ta nuna a cire ta, a yanke ganye, a tara a rufe da kara. Wadda aka dasa a makare kuma tana nan tana neman ruwa kullum. Kafin rana ta kai tsaka harshe ya zama kamar guntun ƙirgi, ga warin albasa yana shiga hanci yana tayar da yunwar da ta kwanta. Rijiyar gari ta ja baya, in ka zura guga sai ya fito da taɓo rabi. Ruwan gida ni nake ɗauko shi daga fadama a kan jaki, jarka huɗu, shi ne na sha, na girki, na alwala. Da azahar gari ya mutu. Tsofaffi su kwanta a dandaɓen masallaci sun yaye riguna, mata su yayyafa wa tabarma ruwa su kwanta a kai, kafin su juya ta bushe. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin tanderu.

A cikin wannan hali randar Inna take kamar wata sarauniya. Tana gindin dogonyaro, a lungun da iska ke ratsawa tsakanin rumbu da katanga, an binne rabinta cikin yashi. Duk ruwan alwalar gidan a kan yashin nan ake zubar da shi. An rufe ta da faifai, jikinta kullum a jiƙe, kuma ba mai taɓa ta sai Inna. Akwai wata ƙarama a gefenta, ta ko-ta-kwana.

Attahiru ya ce kimiyya ba ta tafiya sai da awo. Ya samo wa keke sarƙa ya tafi Kajiji da tsakar rana, ya aro ɗan tsinken gilashin nan na awon zazzaɓi a wurin malamin asibiti, ya sako shi a aljihun gaba. Kafin ya iso rana ta riga ta kai shi ƙarshe. Ya tsoma a randar Inna, ya duba, arba'in da biyu. Ya tsoma a ruwan jarka, arba'in da biyu. Ya sa mini a hammata, arba'in da biyu. Inna ta ce in haka ne a kai ni asibiti tare da randa. Sai ya tuna ana kaɗa shi kafin a yi awo. Da ya kaɗa, abin ya sauka ƙasa ya zauna, ya ƙi cewa komai a kan ruwan randa. Ashe don jikin mutum aka yi shi, ba ya sanin abin da ya fi mutum sanyi.

"Mai da ma mutane kayansu," in ji Baba. "Ina da ma'auni."

Ya buɗe baki ya nuna mana wani turmin haƙori a can ciki ta hagu, mai rami. Ya ce ruwan Inna in ya taɓa shi yakan ɗan yi masa tsam. In na Attahiru ya sa shi ya yi kuwwa, magana ta ƙare.

Dabarar farko ta fulas ce. Attahiru ya ce abin da ke riƙe shayi da zafinsa shi zai riƙe ruwa da sanyinsa, in dai an tare wa zafi hanya. Ya sa na haƙa rami a bayan ɗaki, na kwaso ƙaiƙayi kwando uku, muka binne jarka a ciki, ya kawo bargon Baba ya lulluɓe. Abin da muka manta shi ne jarkar ta sha rana a bayan jaki tun daga fadama. Da magariba Baba ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Wa tah haihu?" ya ce. "Wanga ai na wankan jego na."

Attahiru ya yi bayani cewa bargo ba ya kawo sanyi, abin da aka ba shi ajiya shi yake mayarwa. Baba ya ce madalla, ashe bargonsa mai amana ne, a kakkaɓe masa shi.

Dabara ta biyu ita ta jawo tashin hankali. Inna ta tafi gaisuwar rasuwa Dandin Mahe, za ta kwana. Attahiru ya tsuguna gaban ƙaramar randa ya daɗe yana kallo. Ya ce ya gano aibinta guda biyu. Na ɗaya, jikinta duhu ne, duhu kuwa yana shan zafi, shi ya sa muke sa farar riga da bazara. Na biyu, tana yoyo, ga ruwa yana wahala. Ya samo ragowar farin fenti wurin wani kafinta. Ni na riƙe randar shi yana shafawa, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Ta fito fes kamar amarya. Washegari da ta bushe muka cika ta, ko ɗigo bai fito ba. Na ce a raina yau kam na rasa mai kama jigo.

Baba ya kurɓa, ya tsaya, ya juya ya tofar.

"Haƙori bai ce komi ba," in ji shi, "amma hanci ya yi magana."

Ruwan ɗumi ne sosai, ga warin fenti. Ana cikin haka Inna ta yi sallama. Ta ajiye ƙullinta, ta dubi randa, ta yi salati mai tsawo.

"Wa yat toshe ma randata numhwashi?"

Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, sai ta nuna ni da muciya. "Kai wanga, da girmanka! Kana tsaye anka yi wanga aiki?"

"Riƙewa kaɗai niy yi, Inna."

"Randar ga tun aurena take. Randa in ba ta gumi ba ta sanyi, wanga ko ɗiyan goye sun sani."

"Don mi, Inna?" in ji Attahiru. Da gaske yake tambaya.

"Don haka Allah yay yi ta! Don mi! Tashi min daga nan kahin in awna ma zahi da muciyar ga."

A daren Baba ya ce ya gaji da buɗa baki da abin da ba a san sunansa ba. Dama ɗaya ta rage, ranar ashirin da tara, ranar da za a duba wata. Kafin nan kada a sake kawo masa komai.

Daga nan Attahiru ya yi sanyi, shi kaɗai ne abin da ya yi sanyi a gidan. Ba wanda ya ce ya bi ni, amma da asuba sai na gan shi a bayana. Ya kama jigo. Rana ta farko gugan ya kusa jan shi cikin rijiya. Rana ta biyu tafin hannunsa ya yi bororo, ta uku ya fashe. Da na mai da shi buɗe fangali sai ya cika ɗaya har ya yi ambaliya, na kusa da shi kuma yana ƙishi. Abin da na roƙa ke nan, ga shi na samu, amma daɗin bai kai yadda na zata ba. In mun zauna hutu a inuwa sai ya ciro littafin nan daga buhu, ya riƙe shi da bayan yatsu saboda ciwo, yana karantawa leɓensa na motsi. Ni kuwa in kau da kai in kalli jaki.

Wata rana, azumi ya haura ashirin, zafi ya ishe ni. Na tuɓe riga na tsoma a hanyar ruwa, na mai da ita jiƙe, na hau kan tudu inda iska ke bugawa. Na ce ash, saboda daɗi.

"Yaya," in ji Attahiru, "mi kaj ji?"

"Sanyi."

Ya taso ya sa hannu a ruwan. "Ruwan ga ɗumi garai." Ya ɗaga hannu sama. "Iskar ga wuta ta. To ina sanyin yah hito?"

"Haka Allah yay yi shi," na ce, don amsar Inna ba ta taɓa ba mutum kunya ba.

Ya tsaya da jiƙaƙƙen hannunsa a sama kamar mai rantsuwa. Can sai ya ruga ya ɗauki littafi, yana buɗe shafi yana yarfe hannu, har ya kai inda yake nema. Ya yi tsalle, ɗan azumi da shi.

"Tambaya ta huɗu! Yaya, tambaya ta huɗu ta! Ita nib bari ban rubuta komi ba!"

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma shi ne karo na farko da na gane maganarsa tun daga kai har wutsiya. Ya ce ruwa in zai bushe ya bi iska, ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya yi guzurin zafi daga abin da yake kwance a kai. Rigata tana bushewa, ruwan yana tafiya da zafin jikina. Randa tana gumi, gumin yana tafiya da zafin ruwan ciki. Iska ba sai ta zama mai sanyi ba, ta dai zama busasshiya mai wucewa. Wato yoyon da muka toshe da fenti shi ne duk aikin randar. Ya ce a aji an rubuta musu wannan da haruffa da lambobi, ya haddace, amma bai taɓa sanin randar Inna ake nufi ba.

Inna ta rantse ko murfin tukunya ba za ta ƙara ba shi ba. Washegari na cika kwando da albasa na kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta ba ni sabon tulu guda, jan ƙasa, mai shan ruwa. Na gaya wa kaina na yi ne don in huta da ambaliyar da yake yi mini a fangali.

Muka naɗe tulun da buhun algarara, muka sa shi a ragaya, muka rataye a babban reshen dogonyaro yadda iska za ta same shi ta ko'ina, har ta gindi. Attahiru yana yayyafa wa buhun ruwa duk sanda ya fara bushewa. Ranar ashirin da bakwai da ashirin da takwas iska ta yi ta kaɗawa. Bayan magariba muka zagaya bayan rumbu muka ɗanɗana. Na ji shi har cikin ƙwaƙwalwa. Attahiru ya ci tuwo malmala biyu a ranar.

Ranar ashirin da tara iska ta ɗauke.

Ban taɓa ganin rana irin ta ba. Ganyen dogonyaro ko ɗaya ba ya motsi. Hayaƙin murhu ya miƙe sama kamar sanda. Muka cika tulu da azahar, muka jiƙa buhu, muka zauna muna kallon sama. Buhun yana nan jiƙe, ya ƙi bushewa da sauri.

"Yaya," in ji Attahiru, "iska muka so, ko ta Allah ko ta hannu."

Ya ɗaura wata igiya a gindin ragaya. In an ja an saki, tulun zai yi lilo, ya ratsa iska da kansa. Hannunsa bai warke ba, saboda haka ni ne mai ja, shi yana tsaye da ƙwarya yana watsa masa ruwa in ya zo wucewa. Tun azahar nake ja. Na yi sallar la'asar a gurguje na dawo na kama. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta ce Bello ya samu reno, wata ta tambaya ko an raɗa wa jaririn suna. Baba yana zaure da carbinsa, ya ƙi ko waiwayowa. Duk zuwan da tulun zai yi sai ya feso mini ɗigo a fuska, mai sanyi, ni kuwa na damƙe baki kamar an ɗinke, kada in yi asarar azumi a ranar ƙarshe. Kafaɗata ta mutu. Idona ya fara ganin tulu biyu.

Rana ta yi ja, ta sauka kan katanga. Attahiru ya taɓa buhun ya ce saura kaɗan, in ƙara ƙarfi. Na ƙara. Ƙafata ta zame a inda ruwa ya jiƙa ƙasa, igiyar ta karkace, tulun ya bar hanyarsa ya nufi kututturen dogonyaro.

Ƙarar ba ta da yawa. Ɓas, shi ke nan. Ruwa ya zubo ta cikin buhu kamar an matse tsumma, ƙasa ta shanye, kaji suka rugo suna tsattsagar abin da ya rage. Matan katanga suka nutse ɗaya bayan ɗaya.

Attahiru ya dube ni. Ya ajiye ƙwarya ya zauna a ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Maganar da na yi a fadama ta dawo ta tsaya a tsakaninmu, kuma na san duk wanda ya ji labarin nan gobe a filin idi abin da zai ce ke nan: Bello ya roƙa, da roƙo bai karɓu ba ya sa hannu.

Na je in kwance ragayar don kada in tsaya haka. Da na buɗe buhun sai na ga gindin tulun bai fashe ba. Yana zaune a cikin igiya kamar ɗan kasko, da ruwa a ciki, abin da bai fi kurɓa huɗu ba.

"Attahiru, taso. Kada ka yi gudu."

Muka sauke shi kamar ƙwai. Ya tsince ɓarɓashin ƙasa da tsinke, ya ɗora shi a kan jiƙaƙƙen buhu. Ya ce ruwa kaɗan a buɗaɗɗen wuri ya fi saurin sanyi, in dai da iska. Muka fara fifita da hula. Sai ga faifai biyu sun faɗo a gabanmu. Inna ce, da na uku a hannunta. Ta tsuguna.

"Ba don kai ba," ta ce wa Attahiru. "In ka zamna gidan ga, randa guda tar rage min."

Haka muka kewaye gindin tulu mu uku, muna fifita, ina korar kaji da ƙafa. Ruwan yana sanyi yana raguwa, don sanyin da shi ake sayensa. Da ladan ya ɗaga murya kurɓa uku ne suka rage.

Baba yana kan buzunsa. Ya ci dabino, ya karɓi moɗar Inna ya kurɓa, ya ɗan runtse ido ɗaya, ya gyaɗa kai. Sannan na durƙusa na miƙa masa gindin tulu da hannu biyu. Ya dube shi, ya dube mu.

"Wanga na ruwan jami'a?"

"Shi na, Baba."

Ya yi bismilla ya kurɓa, ya karkata kai hagu don ruwan ya je inda aka aike shi.

"Wayyo Allah!"

Carbi ya yi gefe. Ya dafe muƙamuƙi da hannu biyu yana buga ƙafar da ba ta ciwo a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Daga bayan katanga aka yi ta tambaya ko lafiya. Inna ta ce lafiya lau, awo ake yi. Da abin ya lafa sai ya karkata kai dama, ya shanye kurɓa biyun da suka rage a hankali, ya kife gindin tulun a ƙasa.

Kunu yana hucewa ba wanda ya taɓa.

"Shekara nawa kay yi can?"

"Guda, Baba."

"Saura nawa?"

"Ukku."

"Shekara guda, kurɓa ukku." Ya share gemu. "In na tsai da kai yanzu, da kurɓa ukku za ka zamna har ka tsuhwa, ga mu gida cike da mutane. Koma ka cika moɗa." Ya juyo gare ni. "Kai kau Bello, mi kaka ma dariya? Jigo na nan na jiranka."

A ranar aka ga wata. Jarrabawar Attahiru ya sake ta ya ci, yau ma shi ke koya wa yaran sakandare Fizis, amma wannan daga baya ne.

Kwana huɗu bayan Salla na ɗaura akwatinsa a kan jaki na raka shi bakin titi a Shagari. Muka zauna a inuwar wata rumfa muna jiran mota. Tun ranar bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai da motar ta tsaya, yaron mota ya jefa akwatin sama, Attahiru ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ya waiwayo.

"Yaya, tsakaninka da Allah. Da gangan kah hwasa shi?"

Na ce, "Da da gangan na, kana ganin zan bar gindin?"